Sadarwar Lantarki: Ginshiƙanta da Kalmominta

Sadarwar lantarki ita ce isar da saƙo, murya ko rubutu ko hoto, daga wuri zuwa wuri bayan an mayar da shi sigina ta lantarki. A shekarar 1948 masanin lissafi Ba'amurke Claude Shannon ya tsara fasalin da ake koyarwa har yau: akwai mai saƙo, da na'urar aikawa, da hanyar da saƙon ke bi, da na'urar karɓa, sannan akwai hayaniya, wato duk abin da ke kutsawa cikin sigina ya gurɓata ta. Hanyar kan zama wayar tagulla, ko zaren gilashi mai ɗauke da haske, ko igiyar rediyo da ke ratsa sarari da gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda.

Kowace igiya tana da yawan kaɗawarta a daƙiƙa, ana auna shi da hertz, sunan Bajamushe Heinrich Hertz. "Mita" da masu saurare suka saba ji kuwa tsawon igiyar ce, kuma igiya mai tsawon mita 25 daidai take da megahertz 12, wato kaɗawa miliyan 12 a daƙiƙa.

Muhimmin abu a fagen nan shi ne ɗora saƙo. Siginar murya ba ta iya yin nisa ita kaɗai, sai an aza ta a kan igiya mai ƙarfi, kamar yadda ayari ke aza gishirin Bilma a kan raƙumi. A tsarin AM ƙarfin igiyar ne ke sauyawa daidai da murya, a tsarin FM kuwa yawan kaɗawar ne ke sauyawa. Walƙiya ta fi taɓa ƙarfin igiya, shi ya sa da damina rediyon AM ke ƙaraf-ƙaraf alhali FM na fita tangaran. Sai dai FM, mai aiki tsakanin megahertz 87.5 da 108, miƙe take tafiya, kuma matafiyi daga Zinder zuwa Tanut zai ji tashar garin tana dusashewa a hanya. Gajeren zango yakan doki wani sashe na saman iska ya dawo ƙasa, ta haka ne sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya riƙa isa zaurukan Birni, tsohuwar unguwar Zinder, daga nesa.

Salula tsarin dijital take bi, inda ake gutsura murya aƙalla sau 8,000 a daƙiƙa a mayar da ita lambobin 0 da 1, waɗanda ake iya gyarawa ko hayaniya ta taɓa su. Abin da mutanen Damagaram ke kira rezo shi ne haɗin salula da eriyar da ta fi kusa. Kowace eriya tana da iyakar faɗin zangonta, wato yawan saƙon da take iya ɗauka a lokaci guda, saboda haka idan jama'a suka cika Kasuwar Dole kira yakan ƙi shiga ko da alamar rezo a cike take. Da yake zangon ba shi da yalwa, hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ce ke raba shi ga kamfanonin sadarwa a Nijar.