Yadda ake zaɓen gwarazan 'yan wasan zari-ruga na Amurka: tambayoyi da amsoshi

A watan Fabrairun kowace shekara, 'yan kwanaki kafin wasan ƙarshe na Super Bowl, hukumar gasar zari-ruga ta Amurka, wato NFL, takan shirya wani biki mai suna NFL Honors, inda ake bayyana 'yan wasan da suka yi zarra a kakar. Da wuya a watse daga bikin ba tare da gardama ta biyo baya ba, kuma yawancin gardamar tana tasowa ne daga yadda ake jefa ƙuri'a da yadda ake ƙirga ta.

Su wane ne suke jefa ƙuri'ar?

Mutum 50 ne, waɗanda kamfanin dillancin labarai na Associated Press, wato AP, yake zaɓowa daga cikin 'yan jarida da masu sharhin wasanni, ciki har da tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da suka koma aikin sharhi a talabijin. Su ne suke fitar da gwarzon ɗan wasa na shekara, wanda aka fi sani da MVP, da gwarzon 'yan gaba, da gwarzon masu tsaro, da sababbin shiga gasar da suka fi hazaƙa a ɓangarorin biyu, da gwarzon mai horarwa, da kuma ɗan wasan da ya farfaɗo bayan wata jarrabawa ta same shi. Akwai wasu ƙungiyoyin marubuta da suke ba da tasu kyautar, amma idan aka ce wane ya ci MVP ba tare da ƙarin bayani ba, ta AP ake nufi. 'Yan kallo ba su da ta cewa a nan. Inda ake jin muryarsu shi ne zaɓen 'yan wasan Pro Bowl, wato bikin wasannin taurarin gasar, wanda ake raba nauyin ƙuri'arsa kashi uku daidai tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa da masu horarwa.

Yaushe ake jefa ta?

Da zarar ƙungiyoyi 32 na gasar sun kammala wasanni 17 kowacce, kafin a fara wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Saboda haka duk bajintar da ɗan wasa zai nuna a hanyar zuwa Super Bowl ba ta shiga lissafi, haka ma duk kashin da zai sha. Sau da yawa akan miƙa wa gwarzo kyautarsa alhali tuni an yi waje da ƙungiyarsa. Tun daga kakar 1999, lokacin da Kurt Warner ya haɗa MVP da kofin Super Bowl, ba a sake samun wanda ya yi haka ba sai Patrick Mahomes a kakar 2022.

Yaya ake ƙirga ƙuri'un?

A da, kowane mai zaɓe suna ɗaya kawai yake rubutawa, wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya ci. Wannan tsari ya sa an yi kunnen doki a 1997 tsakanin Brett Favre da Barry Sanders, aka sake yi a 2003 tsakanin Peyton Manning da Steve McNair, aka raba musu kyautar. Babban aibinsa shi ne ɗan wasan da kowa ya yarda shi ne na biyu a duk gasar yana iya tashi ba shi da ƙuri'a ko ɗaya, tarihi kuma ya shafe sunansa kamar bai yi komai ba.

Daga kakar 2022 aka sauya. Yanzu mai zaɓen MVP yana jera sunaye biyar: na farko yana samun maki 10, na biyu 5, na uku 3, na huɗu 2, na biyar 1. Sauran kyaututtukan an fara su da sunaye uku masu maki 5 da 3 da 1, kafin su ma a mayar da su sunaye biyar a kakar 2024. A ganina wannan gyara ne mai kyau, domin yana nuna cikakken ra'ayin mai zaɓe, amma ya zo da wani sakamako da mutane da yawa ba su shirya masa ba.

Ke nan mutum zai iya fin kowa ƙuri'un matsayi na farko kuma ya faɗi?

Ƙwarai kuwa, kuma ya faru. A ranar 2 ga Janairun 2023 zuciyar Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills ta tsaya ana tsakiyar wasa da Cincinnati Bengals, likitoci suka durƙusa a kansa a cikin fili suna ƙoƙarin ceto ransa, 'yan wasan ɓangarorin biyu sun kewaye su suna hawaye, aka dakatar da wasan. Ya rayu, har ya dawo fili a kakar da ta biyo baya, ko da yake wasanni kaɗan ya buga. Da aka zo zaɓen ɗan wasan da ya farfaɗo, mutum 21 suka sa shi a matsayi na farko, mutum 13 kuma suka sa Joe Flacco, wanda Cleveland Browns ta ɗauko yana zaune ba shi da ƙungiya, ya ci mata wasanni huɗu cikin biyar. Amma Flacco ya tara ƙuri'un matsayi na biyu masu yawa, ya tashi da maki 151, Hamlin yana da 140.

Lissafin daidai yake, matsalar ita ce masu zaɓen ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Wasu sun auna girman abin da mutum ya tsallake, wasu sun auna abin da ya yi a fili bayan dawowarsa. Bayan wannan ce-ce-ku-ce ne AP ta fayyace cewa kyautar ta wanda ya jure rashin lafiya ko rauni ko wani hali da ya hana shi wasa a kakar baya ce. Da an yi wannan bayani tun farko, da an kauce wa ɓacin ran da aka samu.

Me ya sa kusan kullum kwatabak ne yake cin MVP?

Kwatabak shi ne jagoran 'yan gaba, kusan kowane farmaki daga hannunsa yake farawa, shi yake karanta tsayuwar abokan hamayya ya yanke shawarar wanda zai jefa wa ƙwallo cikin 'yan daƙiƙu. Dokokin wasan ma sun daɗe suna karkata wajen kare shi da sauƙaƙa jifa. Hujjar masu zaɓe ita ce, idan aka cire kwatabak mai kyau daga ƙungiya takan durƙushe fiye da idan aka cire kowane ɗan wasa. Shi ya sa Peyton Manning ya ci kyautar sau biyar, Aaron Rodgers sau huɗu, Tom Brady sau uku, kuma daga 2013 zuwa 2024 babu shekarar da ta fita daga hannun 'yan wannan matsayi.

Sai da Adrian Peterson, wanda ba kwatabak ba ne, ya ruga yadi 2,097 da ƙwallo a 2012, shekara guda bayan mummunan rauni a gwiwa, saura yadi 8 ya kamo tarihin da Eric Dickerson ya kafa a 1984, sannan aka ba shi kyautar. Masu tsaro biyu ne kacal suka taɓa cin ta, Alan Page a 1971 da Lawrence Taylor a 1986, yayin da J.J. Watt, duk da rawar ganin da ya taka a 2014, ya tsaya a ƙuri'u 13, Rodgers ya kwashe 31. Masu cafke ƙwallo kuwa ba su taɓa samu ba. Cooper Kupp ya fi kowa yawan cafkewa da yawan yadi da yawan kai ƙwallo gida don cin maki a 2021, amma ƙuri'a ɗaya ya samu.

Hujjar tana da tushe, ban musa ba. Sai dai idan ita ce ma'auni, sauran 'yan wasa sun faɗi zaɓen tun kafin a fara kaka, kuma wannan asara ce ga wasan da mutum goma sha ɗaya suke haɗa ƙarfi a kowane farmaki. Abin da ake yi yanzu shi ne a lallashi wanda aka hana da kyautar gwarzon 'yan gaba, kamar yadda aka yi wa Kupp, da kuma Saquon Barkley da ya ruga yadi 2,005 a 2024.

To yaya aka yi Lamar Jackson ya zama kwatabak na ɗaya a 2024 amma ya rasa MVP?

Waɗannan mutum 50 su ne kuma suke fitar da jerin gwanaye na kowane matsayi, wanda ake kira All-Pro, kuma bisa al'ada kwatabak ɗin da ya hau kan wannan jeri shi yake zama MVP. A kakar 2024 sun ɗora Jackson na Baltimore Ravens a kai da ƙuri'u 30, Josh Allen na Buffalo Bills yana da 18. Da aka buɗe ƙuri'un MVP sai ga Allen da 27 na matsayi na farko da maki 383, Jackson da 23 da maki 362. Ma'ana, wasu daga cikinsu sun yarda Jackson ya fi iya wasa, amma suka ga Allen ya fi ɗaukar nauyin ƙungiyarsa.

Alƙaluma suna bayan Jackson: sau 41 jifansa ya kai ga cin maki, sau 4 kawai abokan hamayya suka tare ƙwallonsa, ya kuma ruga fiye da yadi 900. Masu goyon bayan Allen sun ce ya ci wasanni 13 bayan ƙungiyarsa ta rabu da babban mai cafke mata ƙwallo, Stefon Diggs, yayin da Jackson yake da Derrick Henry a gefensa. Wasu masu sharhi sun ƙara da cewa gajiya da zaɓen mutum ɗaya ta yi tasiri, tunda Jackson ya ci a 2019 da ƙuri'u 50 cif, abin da Brady kaɗai ya taɓa yi a 2010, ya sake ci a 2023 da 49. Ni dai ina ganin Jackson ya cancanci ta uku, domin ba daidai ba ne a rage wa ɗan wasa daraja saboda yana da abokan wasa nagari ko saboda ya taɓa karɓar kyautar. Amma AP ba ta gindaya wa masu zaɓen MVP wani takamaiman ma'auni ba, don haka waɗanda suka raba ƙuri'arsu tsakanin mutanen biyu ba su saɓa wa wata ƙa'ida ba.