Antonín Slavíček, mai zanen da ya tsaya wa ƙauyen talakawa

Wane ne shi?

Mai zane ne ɗan ƙasar Cek, an haife shi a birnin Prague ranar 16 ga Mayu, 1870, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungary. Abin da ya fi shahara da shi shi ne zanen fili da gonaki da hanyoyi da sararin sama. Yau masana na ɗaukarsa jagoran masu irin wannan zane a ƙasarsa.

A hannun wa ya koyi aiki?

A hannun Julius Mařák, wanda ke jagorantar ajin zanen yanayin ƙasa a makarantar fasaha ta Prague. Mařák mutumin daji ne, mai son duhuwar bishiyoyi da natsuwar kurmi, kuma yakan fita da ɗalibansa wajen gari su zana abin da idonsu ya gani. Slavíček ya ɗauki wannan ɗabi'a ta fita waje, amma a hankali ya bar inuwar kurmin ya fito fili, inda haske ke canzawa kafin mutum ya gama gauraya fenti. Da malamin ya rasu a 1899, shi ya riƙe ajin na ɗan lokaci. Ya nemi a tabbatar masa da kujerar, ba a ba shi ba, daga baya ma aka rufe ajin. Ga iyali, ga rashin albashi, dole ya dogara da abin da ya sayar.

Me ya sa ake yawan haɗa sunansa da Kameničky?

Saboda can ne hannunsa ya nuna. Kameničky ƙauye ne a tuddan da ke tsakanin yankunan Bohemia da Moravia na ƙasar Cek, ƙasa mai sanyi da duwatsu, wadda ba ta ba manomi sai da ƙyar. Daga 1903 zuwa 1905 yana zuwa can da iyalinsa ya yi zane. Ba wani babban tsauni a wurin, ba fada, ba abin da baƙo zai tsaya kallo. Sai gidaje gajeru da suka lafe da ƙasa, hanya mai laka, bishiyoyin da iska ta tanƙwara, da gajimare masu nauyi kamar za su sauko kan gona. Ya shafa fenti da kauri, har mutum na ganin sawun buroshi. Babban zanensa na 1904, wanda ya sa wa suna da ma'anar "a wurinmu, a Kameničky", yana gidan adana zane na ƙasa a Prague. Wannan "wurinmu" ɗin na taɓa min zuciya: ɗan birni ne, amma ya zauna da mutanen har ƙasarsu ta zama tasa. A ganina bai taɓa yin abin da ya fi zanen waɗannan shekaru uku ba.

Birninsa fa, bai zana shi ba?

Ya zana. A shekarunsa na ƙarshe ya koma ga Prague: tsofaffin lunguna, kasuwa, faɗin birnin daga tudun Letná, da cocin Saint Vitus.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Mai ɗaci ne. A watan Agusta na 1909, yana wanka a kogin Zdobnice, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya daina aiki. Ya gwada da na hagu, yana zana ƙananan abubuwan cikin ɗaki. Ranar 1 ga Fabrairu, 1910, ya harbe kansa, yana da shekara 39. Matarsa daga baya ta auri abokinsa mai zane Herbert Masaryk, ɗan Tomáš Masaryk wanda ya zama shugaban Cekoslobakiya na farko. Ɗan Antonín, Jan Slavíček, shi ma ya tashi mai zane.