Wannan farin ruwan cikin tamomita, ba duka ne zaiba ba

Jama'a barkanmu da war haka. Satin da ya wuce muna zagayen gida-gida a Tudun Wada na tarar da yara biyu sun tsugunna a tsakar ɗaki suna ture wasu ƴan dunƙule masu ƙyalli da tsinke, wai suna wasa, ashe tamomitar kwalba ce, wato ma'aunin zafin jiki, ta faɗi ta fashe, uwar kuma har ta ɗauko tsintsiya. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Zaiba ce fa, tiririnta ba launi ba wari amma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yara sun fi shan wahala. Ita ce ta gurɓata kifi a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, shi ya sa yarjejeniyar 2013 ta rage amfani da ita take da sunan garin, Najeriya ma ta sa hannu.

To abin da ke maye gurbinta a cikin tamomita shi ne galiyam. Wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano shi a 1875. Ƙarfe ne amma yana narkewa a digiri 29.8 kacal, ka riƙe shi a tafin hannu sai ya zama ruwa, a zafin Zariya na watan Afrilu ko taɓa shi ba sai ka yi ba, da safiyar hunturu kuwa ya daskare abinsa. Wannan daskarewar ce ta sa ba a sa shi shi kaɗai, ana haɗa shi da wani ƙarfe, indiyam, da kuma kuza sai haɗin ya zauna a ruwa ko da sanyi, sunansa Galinstan, za ki ga an rubuta a kwalin. Zafi ya taɓa shi ya kumbura ya hau cikin bututun kamar yadda zaiba take yi, sai dai shi ba ya fitar da tiriri mai guba.

In tamomita ta fashe ma kina iya ganewa, zaiba dunƙulewa take tana gangarawa, galiyam kuwa manne wa abu yake yana barin baƙi-baƙi a hannu, sabulu ya wanke. Kar dai ya taɓa tukunyar alminiyam, cin ta yake.

Ƙorafin da nake yawan ji kan tamomitar galiyam shi ne "Malama ba ta sauka". Gaskiya ne tana da taurin kai, sai kin riƙe ta gam kin kaɗa da ƙarfi har ta koma ƙasa da 36, sannan ki goge hammatar yaro ki sa ki matse hannun, minti biyar cur, banda gaggawa. Kin ga 37.5 ko sama zazzaɓi ne, a je a yi gwajin maleriya kafin a sayo magani a kemis, jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa asibiti kai tsaye. Bayan hannu da muke ɗorawa a goshi ba awo ba ne don Allah.

Ita maman yaran ce mata na yi ta ajiye tsintsiyar nan, shara tarwatsa zaiba take. Muka fitar da yara muka buɗe taga, na sa safar hannu na tattara da guntun kwali cikin kwalba mai murfi, ƙananan da suka maƙale a tsagar siminti kuma da salatif muka ɗauke su muna haskawa da tocilan.