Sukuwa Da Caca: Ga Amsoshinku Wuri Ɗaya

Da an sa ranar sukuwa a Katsina ko Daura sai waya ta hana ni sakat, kuma tambayoyin ba sa sauyawa. Na amsa a barga, na amsa a bakin fili, na amsa a ƙofar masallaci. Ga su nan na tara wuri ɗaya. Wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Sukuwa haramun ce?

A'a. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, da kansa ya sa aka yi tseren dawaki a Madina. Abdullahi ɗan Umar ne ya ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa: dawakin da aka horar suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Shi mai ruwayar ma yana cikin mahaya a ranar. Wanda ya ce maka haramun ce, ka tambaye shi inda ya karanta.

To in na sa kuɗi a kan dokin da nake ganin zai zo na ɗaya fa?

Caca ce. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya da gumaka, ta ce a nisance su.

Ai ɗari biyar ce kawai tsakanina da abokina, don kallo ya yi armashi.

Wannan maganar ta fi kowace ɓata mini rai. Ayar ba ta yanke adadi ba. Kuma kai da ke faɗar haka ka sani, ni ma na sani, ba a ɗari biyar take tsayawa ba. Bara ɗari biyar, bana dubu biyar, baɗi an jinginar da babur. In doki huɗu sun shawo kwana kafaɗa da kafaɗa, ƙura ta turnuƙe, fili ya ɗauki sowa, amma duk wannan bai ishe ka armashi ba sai ka sa kuɗi, to ba dawaki ka zo kallo ba. Ka zauna gida.

Yaro ɗan shekara nawa ya kamata ya hau a tsere?

Wannan ba a cika yi mini ita ba, ni na sako ta, don ita ta fi damuna. Ana son mahayi mara nauyi, shi ya sa masu dawaki ke neman yara. Ka je bakin layi ka duba da idonka: yaro ɗan shekara goma sha biyu a kan ingarma, kansa ba hular kwano, ƙafarsa ba takalmi, yatsunsa ne ke maƙale da likkafa, majayin sirdin kuma an ɗaure shi da igiya inda ya tsinke. Dokin nan yana gudun da ya kusa kilomita 60 a awa. In ya yi tuntuɓe a kwana, kan yaron ne zai fara isa ƙasa.

Yanzu ka ɗora caca a kan wannan. Da zarar kuɗin 'yan kallo sun hau kan doki, yaron ya shiga uku. In ya faɗi tsere, waɗanda suka yi asara su tare shi da zagi, wani lokaci da duka. In kuma wani ya sa kuɗi a kan abokin karawarsa, sai a kewaya bayan barga a damƙa masa 'yan dubbai a ce ya danne linzami. Dokin ma bai tsira ba: a ɗirka masa allura ko ƙwaya don kada ya ji ciwon ƙafa, ya yi gudu a kan rauni har jijiya ta tsinke. Alhaji, in dokinka ne, yaron amana ne a hannunka. Ka saya masa hular kwano da takalmi, ka nemi yardar mahaifinsa, kada ka ɗora shi a kan dokin da bai saba da shi a kilisa ba. Wanda ya iya ciyar da ingarma bai rasa kuɗin hula ba.

Mene ne bambancin sukuwa da kilisa da polo da hawa?

Ɗan Katsina bai kamata ya yi wannan tambayar ba, amma ga shi. Kilisa motsa doki ne da yamma. Sukuwa tsere ne. Hawa na sarki ne da hakimansa, kamar hawan Sallah a Ƙofar Soro, da hawan Bariki, da hawan Magajiya a Daura. Polo ƙwallon dawaki ce, mutum huɗu-huɗu, da sanda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ta a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma, 1944 zuwa 1981, ya yi suna a cikinta har ƙasashen waje. Dokin hawa ana son shi da ƙiba da taku, na tsere ana son shi a ɗame. Kada ka fito da dokin hawanka ka ce zai yi tsere.

Me ya sa ba a haɗa dokin Arewa da na Sudan a tsere ɗaya?

Saboda ba tsara ba ne. Na Sudan ya fi tsawo da faɗin taku, shi ya sa ake raba aji: Arewa daban, ajin da ake kira Talon daban, Sudan daban, dawakin tsere na asalin Ingila kuma nasu daban. Launi ba ya gudu. Akawal ko kili ko danda, duk ado ne.

Mu masu dawaki ne. In kowa ya zuba kuɗi, wanda dokinsa ya zo na ɗaya ya kwashe, shi ma caca ne? Kuɗin rajista fa?

Yawwa. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba zan ba ku amsar kalma ɗaya ba, don malamai ma ba su bayar ba.

Asalin maganar hadisi ne da Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito: ba a sa lada a gasa sai a harbi, ko tseren raƙuma, ko na dawaki. Ke nan karɓar kyauta don dokinka ya ci halal ne. Inda aka rabu shi ne daga aljihun wa kyautar ta fito.

In wani ne can daban ya sa, sarki ko gwamna ko attajiri ko kamfani, wanda ba shi da doki a cikin tseren, wannan ba saɓani. Ku karɓi mota, ku karɓi babur, ku karɓi kofi, Allah ya sa albarka.

In ɗaya daga cikin masu tseren ne ya sa shi kaɗai, sauran ba su sa komai ba, mafi yawan malamai sun yarda. Sai dai mu nan Malikiyya muka tashi a ciki, kuma wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid har ƙarshe zai tuna maganar Imam Malik: wanda ya fitar da kuɗin ba ya mayar da su aljihunsa. In wani ya tsere masa, wancan ya ɗauka. In shi ya zo na ɗaya, kuɗin na wanda ke bi masa ne, in kuwa su biyu ne kacal, sai waɗanda suka halarta su ci.

Sai naku, inda kowa ya zuba. A nan kowane ɗayanku ko ya ci ko a ci shi, kuma wannan ita ce siffar caca. Shi ya sa Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ce bai halatta ba sai an shigo da wanda ake kira muhallil: mahayi na uku wanda bai zuba ko sisi ba, in ya ci ya kwashe duka, in bai ci ba bai yi asara ba. Risala ta jingina wannan ga Sa'idu ɗan Musayyab. Amma da sharaɗi, dokinsa ya zama tsaran naku wanda zai iya tsere muku da gaske. In kuka jawo gurguwar goɗiya don cika sharaɗi, kanku kuka yaudara. Mashhurin mazhabar Malik kuwa bai yarda ba ko da muhallil ɗin, muddin kuɗi za su iya komawa ga wanda ya fitar. A ɗaya gefen, Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim sun halatta ko babu muhallil, suna ganin hadisin da ya zo da shi bai inganta ba. Kun ga magana uku ke nan, kuma duk ta manya ce.

Kuɗin rajista ya danganta da inda suka tafi. In an karɓa don yayyafa wa fili ruwa, da biyan alƙalai, da likitan dabbobi, da motar asibiti, wannan kuɗin hidima ne. In kuwa daga cikinsu ake yanko kyauta, ko da rabi ne, to kun koma waccan mas'ala ta kowa-ya-zuba, sunan kawai aka sauya. Inda abin ke rikicewa shi ne in an zuba komai a asusu ɗaya, na rajista da na mai ɗaukar nauyi, har ba wanda zai iya cewa naira kaza daga ina ta fito. Mafi yawan ƙananan tserenmu haka suke.

Abin da nake ba da shawara, shawara ce kuma, fatawa ta malamai ce: ku raba asusun biyu, ku rubuta. Rajista ta tafi hidima, kyauta ta fito daga wanda ba ya cikin tseren. In ba ku samu mai ɗaukar nauyi ba, ku rage kyautar, ko ku yi don kofi kawai. In kun nace sai kun zuba, ku je wurin malamin da ya san fiƙihu, ku faɗa masa yadda tsarin yake ba tare da kun ɓoye komai ba, ba ku je kuna neman wanda zai ce muku e ba. Kuma ku 'yan kallo kada ku laɓe a nan. Duk wannan saɓanin a kan waɗanda ke cikin tseren ne. Mai tsaye a bayan igiya yana nuna doki da yatsa ba ya cikin ko ɗaya daga maganganun nan uku.

Na san dawaki sosai. Ba zan iya cin kamfanin caca na waya ba?

Ba za ka iya ba, kuma lissafi ne. Ɗauki doki biyu masu ƙarfi ɗaya. Adalci shi ne wanda ya ci a ninka masa kuɗinsa. Kamfani sai ya ba kowanne ninki 1.85 maimakon ninki biyu. Kai ka sa ₦1,000 a wannan, wani ya sa ₦1,000 a wancan. An karɓi ₦2,000, an biya ₦1,850, kamfani ya riƙe ₦150 ko wane doki ya ci. Haka a kowane tsere, kowace rana. In ka jera tsere biyar a tikiti ɗaya, sau biyar aka yanke ka. Irin cacar dawakin da ake kira PMU, wadda ake bugawa a Nijar kan tseren Faransa kuwa, a tara kuɗin kowa ne, a cire kason masu shiryawa da na gwamnati tukuna, sannan a raba saura. Su kuma dawakin da ke gudu a allo kowane 'yan mintoci, ba dawaki ba ne, kwamfuta ce ke zaɓar lamba. Saninka na kofato da ƙirji ba shi da aiki a wurin.

In an hana caca ai sukuwa za ta mutu.

Wa ya ce? Gasar Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 tana da kyautar dala miliyan 20, ba tseren da ya kai ta a duniya, kuma ba a buga caca a filin. Gaskiya ne a Ingila da Amurka tsere da caca a haɗe suka girma, tun daga babban tseren Dabin Epsom na 1780 zuwa na Kentaki na 1875. Wannan tarihinsu ne. Namu dawakin fada ce ta riƙe su, da attajirai, da talakan da zai hana kansa ya sayi harawa da dusa.

Doka ta hana?

Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, caca kuma laifi ce a ƙarƙashinta. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Lasisin da kamfani ya samo a wata jiha ba kariya ba ce gare ka a nan.

Na riga na yi, har na ci kuɗi. Yaya zan yi?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Tunda har ka yi tambayar, alheri ne. Ka tuba, ka goge manhajar daga wayarka yau ɗin nan. Abin da ka ci daga hannun mutumin da ka sani, ka mayar masa. Wanda ba ka san mai shi ba, malamai sun ce a fitar da shi ga mabuƙata. In bashi ya hau kanka, ka faɗa wa babban yayanka ko wani dattijo da ka yarda da shi, kada ka ce sai ka buga sau ɗaya ka fanshe. Kuma kada ka daina zuwa fili. Ka zo barga, akwai aiki.

Doki ya gama tsere, me zan yi masa?

Ka sauke yaron, ka sassauta majayi, ka zagaya da dokin a hankali har numfashinsa ya daidaita. Kada ka ɗaure shi a turke yana haki. A zuba masa ruwa a wuya da ƙirji da ƙafafu, a ba shi na sha kaɗan-kaɗan, gero ko dawa kuwa sai ya huce sarai. Washegari da sassafe ka shafa ƙafafunsa huɗu da hannunka, daga gwiwa zuwa kofato. In ka ji zafi ko kumburi a ɗaya, ko ka ga yana ɗingishi, ba kilisa ranar, a kira likitan dabbobi.