Me ya sa nas ta tsallake ɗana ta ɗauki na bayansa?

Tun da matan unguwarmu a nan Makka suka san aikin jinyar yara nake yi, ba na zuwa suna ko biki ban sha tambaya ba. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Na riga wata zuwa sashen gaggawa, amma aka shigar da ɗanta kafin nawa. Ba son kai ba ne?

Hajiya, na san abin da zafi. Amma a ɗawari, kamar yadda ake kiran sashen a nan, girman haɗari ake bi. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ya fara da hanyar iska, sai numfashi, sai gudanar jini, sai suma ko jijjiga, sannan ƙarewar ruwa a jiki. Yaron da ke tsala ihu ya riga ya gaya mini iska na shiga. Wanda ke faɗar mini da gaba shi ne wanda ya yi lamo a kafaɗar uwarsa, an tattaɓa shi bai ko ɗaga ido ba.

Idan na ɗage rigar yaro na yi shiru ina kallon agogo, numfashinsa nake ƙirgawa, minti guda cur. Sau 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara, 40 daga shekara 1 zuwa 5: daga nan sama, numfashi ya yi sauri. Ina duba ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska. Sai in danna farcensa ya yi fari, in saki. Idan jan ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, ga hannu da sanyi, ba zan bar shi a kan benci ba.

Me zan gani a gida in fito ba jira?

Ya ƙi nono ko ruwa sam, yana amayar da duk abin da ya shiga, ya yi jijjiga, ko ya ƙi farkawa. Haka zazzaɓi ga jaririn da bai cika wata 2 ba. Ki kira motar asibiti a 997. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kuma don Allah kada a cusa masa cokali ko rubutu a baki.

Ɗana wata 14 bai fara tafiya ba, sa'ansa na gudu.

Da sauran lokaci. Yara masu lafiya kan zauna da kansu tsakanin wata 4 da 9, tafiya kuma takan kai wata 18. Bakwaini ana rage masa makonnin da ya yi gaggawar fitowa kafin a auna shi. Abin da ba na so a zauna da shi shi ne yaro ya rasa abin da ya riga ya iya, kamar ya daina zama ko ya daina kiran "Umma".

Ko jin Hausa a gida da Larabci a waje ne ya hana shi magana?

A'a, harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. In yana cewa "ruwa" yana kuma cewa "halib", duka muna lissafa su. Idan ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ki kai shi cibiyar lafiya ta unguwa a fara da gwada jinsa, ki tafi da katin rigakafinsa.