Yadda doka ke bin sawun ɓarayin katin banki a intanet

Mai satar kuɗi da katin wani ba ya amfani da sunansa na gaskiya. Lambobi 16 na gaban katin da ukun bayansa yake nema, sai kuma lambar sirrin da banki ke turowa ta waya in ya samu ya yaudari mai katin. Amma kuɗin da ya kwasa dole su sauka a wani asusu, kuma ta nan ake fara kamo bakin zaren.

A Najeriya, Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ce ke tafiyar da wannan lamari. Sashe na 33 ya ce duk wanda ya yi amfani da katin kuɗi, na bashi ne ko na cire kuɗi, da niyyar damfara, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, sannan ya biya mai katin asararsa.

Hukunci dai sai an kama mutum. Shi ya sa a ganina sashe na 37 da na 38 sun fi na 33 nauyi. Na 37 ya wajabta wa banki tantance duk wanda zai yi hulɗar kuɗi da shi, kuma gyaran 2024 ya sa lambar NIN cikin sharuɗɗan. Na 38 ya tilasta wa kamfanonin sadarwa da na intanet ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙonni har shekara 2, su miƙa wa hukuma in ta nema. Wato wa ya yi rajistar layin, yaushe aka kira, daga wace lambar IP (adireshin na'ura a intanet) aka shiga. Mai bincike na EFCC ko na 'yan sanda yana jera waɗannan gefe da gefe: asusun da kuɗin suka faɗa, BVN ɗin da ke kansa, layin da ke karɓar alat, da mai POS ɗin da aka cire kuɗin a wurinsa.

Sauraron kiran mutum ko karanta saƙonninsa kuwa, sashe na 39 ya ce sai da umarnin alƙali. Haka ma binciken gida da kwashe waya ko kwamfuta, sai an samo izinin kotu.

Abin takaici, wanda sawun ke fara kaiwa gare shi sau da yawa ba shi ne uban tafiyar ba. Yaro ne da aboki ya ce masa, "Ara mini akawun ɗinka, za a turo min kuɗi, zan ba ka na katin waya." Sunansa da hotonsa ne a banki, don haka ƙofar gidansu ake fara ƙwanƙwasawa, shi kuma ogan ya yar da layi ya ƙara gaba.

Idan ɓarawon yana wata ƙasa fa? Sashe na 50 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar ko da a waje aka aikata laifin, idan wanda aka cuta ɗan Najeriya ne ko mazauninta. Dokar ta kuma yarda a nemi taimakon wata ƙasa wajen bincike, ko a nemi ta miƙo wanda ake zargi.