Shin Sana'o'in Hannu na Kano Suna Ciyar da Masu Su Har Yanzu?

Babu taron al'adu da za a watse ba a yabi marinar Ƙofar Mata ko fatar Kano ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko marini da baduku suna samun abin cefane daga aikinsu. Ga tambayoyin da ya kamata a yi, da amsoshinsu.

Waɗanne sana'o'i ake magana a kai?

Rini, saƙa, jima, dukanci, ƙira, sassaƙa, ginin tukwane, ɗinkin hula da na babbar riga, da saƙar tabarma da faifai. A birnin Kano sunayen unguwanni kamar Dukawa da Soron Ɗinki sun isa shaida cewa sana'a ce ta zaunar da mutane wuri guda. Kowace sana'a da sarkinta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa, wanda ke sasanta rigima, yake kuma tsaya wa mutanensa a fada. A karkara kuwa yawancin masu sana'a manoma ne. Da damina suna gona, in an kau da amfani sai a koma masaƙa ko maƙera, kuma kuɗin rani ne ke riƙe gida har a kai wata kakar.

Me ya sa Kano ta yi fice haka?

Kasuwa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ta zama matattarar fatake, kuma ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato ma ta keta Sahara a bayan raƙuma, ta shiga Turai, inda aka santa da fatar Maroko. Kakanninmu kasuwar nesa suke yi wa aiki, kuma ita ce ta ɗaukaka aikin nasu.

Yaya ake rinin baba, kuma mutum nawa ke ci a jikinsa?

Karofi rami ne mai zurfi da aka shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ana cika shi da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, wato lakar tsohon rini da ke kwantawa a ƙasan rami, a bar shi kwanaki ya ruɓa. Marini yana tuƙa shi da doguwar muciya har kumfa ta taso, kuma daga launin kumfar da warin ruwan yake gane ko baba ya nuna. Idan ya tsoma yadi ya ɗago, kore-kore zai fito, sai iska ta buga shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka. Haka za a yi ta tsomawa ana ɗagowa. Mai son shuɗi mai haske ba ya daɗewa, mai son baƙi wuluk kuwa sai ya yi haƙuri. Hannun tsohon marini ba ya rabuwa da shuɗi, musamman a gindin farce.

Kafin yadi ya iso karofi ya riga ya bi ta hannaye da yawa: manomin auduga, matar da ta kaɗa zare da mazari, masaƙi, da matan da ke ƙulli a cikin gida, waɗanda ke ɗaure yadin da zare domin zane ya fito bayan rini. Bayan karofi akwai mabuga, masu shimfiɗa yadi a kan gungume su yi ta dukansa har ya yi sheƙi. Garin Kura ya shahara da turkuɗi, wanda ake buga wa shuni har ya riƙa walƙiya, Buzaye kuma suna saye don rawani. Saboda haka in karofi ɗaya ya mutu, gidaje da dama ne abincinsu ya ragu, yawancinsu ma ba a ganinsu a bakin marinar.

To me ya durƙusar da sana'ar rini da saƙa?

Yadin kanti da rinin zamani su suka fara, tun zamanin Turawa, domin sun fi araha, sun fi saurin gamuwa. Daga baya kayan Chana suka cika Kantin Kwari, abin da ko manyan masaƙun Kaduna ba su iya jure wa ba, balle mai saƙar hannu. Sai matsalar tsaro ta biyo baya. Bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairun 2012, baƙi masu yawon buɗe ido suka janye. Rufe iyakokin ƙasa a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa cinikin da ake yi da mutanen ƙasashen da ke arewa da Najeriya. Yau wanda ya shiga Ƙofar Mata zai tarar ramuka da yawa a bushe, wasu har shara ta cike su.

A ganina babban ciwon shi ne mu kanmu mun daina sa kayan. Sana'ar da ta koma jiran baƙo mai kyamara ta shiga haɗari, domin baƙo yana zuwa ne in gari ya yi lafiya.

Ita fata fa? Ai ana cewa akwai kuɗi a cikinta.

Akwai, sai dai ba a hannun majemi suke ba. Majeman gargajiya, irin na Ƙofar Wambai, suna jiƙa fata a ruwan toka su kankare gashin, su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai. Jan launin nan da aka san fatarmu da shi daga karan dafi ake samunsa. Daga nan baduku ya karɓa ya yi takalmi, jaka, gafaka, kube da kayan doki.

Matsalar tana wajen sayen ɗanyar fata. Manyan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa suna da jarin da za su kwashe mai kyau su fitar da ita Turai, inda za a yi takalmin da zai ninka kuɗinta sau da yawa. Fatar shanu kuma masu ganda sun rigaye kowa. Ƙaramin baduku sai ya koma kan abin da ya rage, ko ya haɗa da roba don farashi ya sauka, sunan aikin kuma ya lalace. Akwai cibiyar binciken fasahar fata ta gwamnatin tarayya a Zariya, amma iliminta bai kai rumfunan dukawa yadda ya kamata ba.

Wace sana'a ce ta fi riƙe gidaje a yanzu?

Ɗinkin hula, domin hula ba ta jiran baƙo. Duk Bahaushen da zai je Juma'a ko ɗaurin aure sai ya sa zanna ko damanga. Mata a cikin gida da ɗalibai ke yawan yin ta. Lokacin da rikici ya tarwatsa Bama a 2014, allura da zare ne suka ciyar da mutane da yawa a sansanonin gudun hijira na Maiduguri. Wankin hula ma sana'a ce mai zaman kanta.

Amma dubi yadda ake rabon kuɗin. Ɗan kasuwa ne ke ba da yadin da aka zana da zare. Mace za ta yi makonni tana sunkuye, tana lissafin ido-idon zane tsakanin girki da raino, idonta na ruwa, sannan a biya ta kuɗin hannu. Ba ta san nawa aka sayar da hular ba bayan an wanke an goge. Ba na ganin laifin dillali don ya ci riba, shi ma ya zuba jarinsa. Abin da ke damuna shi ne ita ba ta da bakin ciniki, domin ba ta da kuɗin sayen zarenta. Matan da suka yi adashi suka sayi kayan aiki da kansu, suna tallata hulunansu ta WhatsApp, su ne suka fara sanin darajar aikinsu.

Hawan sallah yana da wani amfani ga masu sana'a?

Sosai. Doki ɗaya da aka yi wa ado aikin mutum da yawa ne: masassaƙi ya sassaƙa sirdi, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami, baduku ya yi ragama da majayi, maɗinki ya yi jalala da alkyabbar mahayi. A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya. Amma duk shekarar da aka dakatar da hawa, kamar 2020 lokacin korona, waɗannan mutane ne ke fara ji a aljihu, domin cinikin da suke jira shekara guda ya tafi.

Yaya mai saye zai bambance aikin hannu da na inji?

Juya hular ka duba cikinta. Ta hannu za ka ga ƙulle-ƙullen zare da ɗan bambanci tsakanin ɗinki da ɗinki, ta inji kuwa sumul take, komai iri ɗaya. Yadin da aka rina da baba yana da warinsa, kuma yakan ɗan zuba a wankin farko, don haka a wanke shi daban, a shanya a inuwa. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana ƙara laushi da duhu in ta kwana biyu, ta roba kuwa ɓarewa take yi daga gefe. In da hali, a je rumfar mai aikin a saya a hannunsa, ko a ba shi aiki a biya rabin kuɗi tun farko domin ya sayi fata ko zare mai kyau ba tare da cin bashi ba.